Bindigar da Baba Bai Sauke Ba

Ni mace ce da ta san gajiya, amma ban taɓa yin irin ta shekarar da na nema wa Baba bindiga ba. Aikin jinya nake yi a wani asibiti a Manhattan, gidanmu kuwa yana Stapleton, a tsibirin Staten Island, duk a cikin New York. Kullum sai na hau bas zuwa tashar St. George, in shiga jirgin ruwa, in fito in shiga jirgin ƙasa, in yini a tsaye, sannan in sake kwaso wannan hanya duka da kumburarrun ƙafafu. A kan wannan ne tsoho ya ɗora mini neman bindigar kashe dorina, a garin da ko ɓera ba a yarda mutum ya harba ba.

Baba ma'aikacin gandun daji ne a ƙasarmu ta bakin kogi. Idan dorina ta addabi gonakin shinkafa, ko ɓauna mai rauni ta tare hanyar rafi, shi ake aika wa. Bindigarsa ba adaka ba ce irin ta sauran maharba. Wani Bature da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa ita da zai koma gida, har da lasisinta. Doguwa ce, mai nauyi, katakonta ya yi baƙi saboda hannu da mai. A gefenta akwai wani ƙarfe mai ɗan dunƙulallen kai da ake ɗagawa a ja baya, a tura gaba a danne, shi ke shigar da harsashi. Baba sakata yake ce masa. Bakinta kuwa na san faɗinsa sarai, domin ina yarinya na taɓa zura ɗan ƙaramin yatsana a ciki ya shige, na kuma sha dukan da har yau ban manta ba. Ita ta kashe masa kunnen hagu, ita ta sa kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace.

A wajen maharban ƙasarmu, mutum ba ya daina harbi haka kawai don ya tsufa. Sai ya sauke bindiga. Ana tara dangi da sauran maharba, tsohon ya saɓa ta karo na ƙarshe, ya buɗe ta kowa ya ga babu harsashi, ya ambaci irin namun da ya kashe, ya roƙe su gafara. Daga nan ya juya gindinta ya miƙa wa ɗansa a buɗe, ɗan ne zai rufe ta. Tun daga ranar tsohon ya fita sabgar daji, daji ma ya fita tasa. Wanda ya mutu bai sauke ba, cewa suke yi namun ba sa barinsa ya huta. Mu Kirista ne tun kakanni, Baba dattijon coci ne ma, amma ban taɓa ganin maharbin da baftisma ta wanke masa wannan daga rai ba.

Baba bai sauke tasa ba. Yayana, ɗansa namiji tilo, ya rasu a haɗarin mota. Bayan haka aka yi wata shekarar tashin hankali, hukuma ta ce duk mai bindiga ya kawo. Baba yana kwance a asibitin wani gari a lokacin, sai ƙanensa ya tsorata, ya naɗe ta a tabarma ya kai. Ba ta dawo ba. Ban taɓa jin Baba ya yi maganar ba, sai dai shi da ƙanen nan gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu.

Da Mama ta rasu na yi masa takardun zama na kawo shi wurinmu. Zuciyarsa ta riga ta fara gajiya. Yini yake yi a kujera bakin taga yana kallon ruwan da ake hangowa ta tsakanin gidaje, irin kallon da yake yi wa kogi idan yana neman kunnuwan dorina. Idan barcin rana ya ɗauke shi, sai ya zabura yana haki, rigarsa sharkaf. Na ɗauka magani ne bai karɓe shi ba, har na sa likita ya canja.

Wata Lahadi mun dawo daga coci, ina cire ɗankwali, ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa faɗar sunana ba.

"Uwata, zo ki zauna."

Na zauna.

"Sun fara zuwa. Da na rufe ido sai in gan su a bakin ruwa suna jira. Ki nemo mini bindigata in sauke."

"Baba, wace bindiga? Tana ina?"

"Ba sai ita ba. Ki samo 'yar uwarta. Ba a garin Turawa muke ba? Ai su suka ƙera ta."

Na ce masa nan New York ce, ba a sayen bindiga kamar yadda ake sayen fartanya. Ya juyo mini da kunnensa na hagu, wanda ba ya ji. Haka yake yi idan ya gama magana.

Da farko na yi biris, ina cewa zai manta. Bai manta ba. Ba ya kuma roƙo, kallona kawai yake yi idan na shigo, ya dubi hannuwana, ya mayar da kansa taga. Ni kuwa sana'ata ta koya mini karanta ƙafa da numfashi, na kuma ga yadda ƙafafunsa ke ƙara kumbura. Na san lokacin ba mai yawa ba ne. Ban yarda cewa dorina na bin matattu ba, amma na yarda cewa ubana yana tsoron mutuwa da wannan abu a wuyansa, kuma hakan ya ishe ni dalili.

Sai na yi abin da duk ɗan ƙasarmu zai yi idan yana neman abu, na shiga cigiya. Akwai wani ɗan Nijar mai shago a Harlem, wurinsa nake sayen daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Mutum ne da in ka ce kana neman tukunyar ƙasa ko mai gyaran keken ɗinki, kafin ka ƙarasa ya ɗauko waya. Ranar shagon cike yake, ana ta hira bayan an fito daga masallaci. Na ajiye kayana a kan kanta na ce, da muryata ta kullum, ko ya san inda zan sami babbar bindiga, mai ƙarfi sosai, wadda harsashi ɗaya ya isa.

Wani mai zaɓen turare ya ajiye kwalbar a hankali ya fice.

"Mi kika ce, tanti?"

"Bindiga. Ta farauta. Babana ne ke so."

"Tanti, don girman Allah! Ina da iyali. Kin san kunnuwa nawa ke unguwar nan? Ni ba ni son problème da polis. Ɗauki daddawarki, yau kyauta ce."

Ya tura mini ledar da ɗan yatsa, kamar ita ce bindigar. Na fito raina a ɓace, sai da na shiga jirgi na fahimci abin da na yi wa bawan Allah. Kafin mako ya zagayo magana ta haye ruwa ta iso cocinmu. Wata dattijuwa ta ja ni gefe ta tambaye ni ko lafiya muke da maigidana, ta ce duk abin da namiji ya yi, addu'a ta fi. Maigidana direban bas ne, mutum ne da ko kazar Kirsimeti ba ya iya yankawa. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, ni kuwa ko murmushi ban yi ba.

Shi ne ya binciko mini hanyar da ake bi. A wannan gari sai kana da izini kafin ko bindigar farauta ta kwana a gidanka. Na cike takardu, na kai hotuna, aka ɗauki zanen yatsuna, aka yi mini tambayoyin da ko ranar aurena ba a yi mini ba. Suka ce in je in jira. Na tambayi har yaushe, matar da ke bayan gilashi ta ɗaga kafaɗa.

Ina jiran na ci gaba da nema. A cikin jirgin ruwa, yayin da 'yan yawon buɗe ido ke turereniya suna ɗaukar hoto, ni ina zaune a lungu ina duba tsofaffin bindigogi a waya, ina kare fuskar wayar da tafin hannu kada na kusa da ni ya gani. Na koyi lambobin faɗin baki da ban taɓa tunanin za su shiga kaina ba. Na gane cewa irin ta Baba ba kasafai ake samunta ba, domin a nan barewa suke harbi, ba su da abin da zai buƙaci wannan ƙarfi. Wadda aka samu kuwa masu tara kayan tarihi sun riga sun rungume.

Ranakun hutuna duk suka tafi a mota. Shagunan ba a cikin gari suke ba, sai an fita can inda gidaje ke da filin ciyawa da tuta a ƙofa. In shiga, baƙar mace mai ɗankwali, hira ta tsaya. Wasu su yi mini kirki, wasu su nuna mini ƙaramar bindigar sawa a jaka tun ban buɗe baki ba. A wani shago, da aka ajiye mini wata tsohuwa a kan kanta, ban san lokacin da na kai ɗan yatsana bakinta ba don in gwada. Saurayin da ke tsaron shagon ya daka mini tsawar da ta sa kowa ya waiwayo. Na ji kunya ƙwarai. Yatsan ma bai shiga ba, na manta cewa ba yatsan yarinya ba ne yanzu.

Duk wadda na gani sai in ɗauki hotonta in kai wa Baba. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar. Wannan siririya ce, ta harbin gada. Wannan katakonta roba ne. Wannan an ɗora mata madubin hange, maharbin kirki ba ya harbin dorina daga nesa. Sau ɗaya na samo wadda na tabbata ita ce, irin ƙirar, irin faɗin bakin, tana sheƙi. Mai ita yana ta alfahari cewa tun da aka ƙera ta ba a taɓa harba ta ba. Na dawo da murna na faɗa wa Baba haka.

"Ba ta taɓa kashe komai ba?"

"Ko sau ɗaya."

"To me zan sauke a kanta?"

Ranar kam na yi faɗa. Na ce masa ni ba ƙarfe ba ce, ina da aiki, ina da yara, ina da baya mai ciwo, na zama abin nuni a coci da kasuwa saboda namun da suka ruɓe tun ban yi wayo ba. Na ce ko an samo ma, wa zai miƙa wa? Da wannan ta fita daga bakina na san inda ta taɓa. Baba bai juyo mini da kurman kunnensa ba. Ya dube ni sosai, ya ce in je in ci abinci.

Maganar wanda za a miƙa wa, ni da maigidana mun riga mun yanke ta tsakaninmu. Suruki ɗa ne, babu wani namiji babba a gidan sai shi. Ya amince. Har tambayata ya riƙa yi ko akwai abin da ake faɗa idan an karɓa, da kuma ko abin yana iya tashi da kansa.

Sanyi ya fara shigowa lokacin da na ga wata a shafin intanet na wani ƙaramin shago a jihar Pennsylvania. Hoton ma bai fito da kyau ba. Katakon ya yi baƙi, akwai tsaga a kusa da gindi da aka ɗaure da ƙarfe, kan sakatar ya goge ya yi fari saboda tafin hannu. Na kira. Wani tsoho ya ɗauka yana ihu a waya kamar ni ce kurma. Ya ce ta wani mutumin garinsu ce da ya yi shekaru yana aikin hanya a Afirka, ya rasu, 'ya'yansa ba sa so. Na tambaye shi ko ta kashe wani abu. Ya yi dariya ya ce in ga kawunan ɓaunan da 'ya'yan suka rasa inda za su kai.

Baba ya kalli hoton, bai miƙo mini wayar ba. Ya riƙe ta a cinya har fuskarta ta mutu.

Izini bai fito ba. Na je na tambaya, matar ta sake ɗaga kafaɗa. Baba kuwa ya kai ga sai da iskar numfashi ta roba a hanci, daga gado zuwa kujera sai an riƙe shi. Na sake kiran tsohon na gaya masa gaskiya, cewa ba zan iya ɗaukarta yanzu ba, amma ubana ba zai iya jira ba. Na roƙe shi ya bar mu mu zo ya riƙe ta kawai. Ya ce mu zo da safe kafin mutane su yi yawa.

Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci. Maigidana ma ya sa sabuwar hula, yana tuƙi yana share hannu a wando. Shagon ɗan ƙarami ne, yana warin mai da tsohon katako. Mai shi dogo ne, ya ranƙwafa, da muka shiga muna tura Baba a keken marasa lafiya ya juyo mana da kunnensa na dama. Baba ma ya juya masa nasa na dama. Suka karkace suna kallon juna, sai kowannensu ya nuna kunnensa na hagu, suka fashe da dariya. Babu mai jin yaren wani.

Tsohon ya ɗauko bindigar, ya buɗe sakatar ya leƙa ciki kafin ya miƙo.

"Wannan ya san ladabi," in ji Baba.

Ya ce a tashe shi daga keken. Na ce ya yi daga zaune, ya ce ba a sauke bindiga a zaune. Muka ɗaga shi. Ya karɓe ta, ya shinshina bakin sakatar, ya shafa tsagar da babban yatsa. Ya tura sakatar ya danne, ya sake ɗagawa ya ja. Hannun da ba ya iya riƙe cokali ba tare da rawa ba ya yi wannan a tafi ɗaya. Amma da ya zo ɗaga ta zuwa kafaɗa sai ta ƙi. Ya gwada, bakinta ya yi ƙasa. Ya sake gwadawa, numfashinsa ya fara sarƙewa. Ban yi shawara da kowa ba na shiga gabansa na sa tafin hannuna a ƙarƙashinta na tallafe, yadda nake tallafar marasa lafiya. Ta hau kafaɗar da ta karkace, ta zauna daidai.

Sai ya fara kiransu. Dorina, uwa da namiji. Ɓauna. Kada. Giwa guda da ta shiga gari, wadda ban taɓa jin labarinta ba. Ya ce wa kowace ta yafe, ba don wasa ya yi ba, mutane ne suka yi kuka aka aiko shi. Muryarsa tana yankewa yana tsayawa ya ja iska. Mai shagon ya cire hularsa, ban san me ya fahimta ba. Nauyin ya ishe ni, amma ban saki ba.

Da ya gama ya sauke ta, na taimaka masa ya juya gindinta. Maigidana ya matso, ya gyara hula, ya miƙo hannu biyu. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya tura gindin ya taɓa cikina.

"Karɓi, Uwata."

"Baba, ni mace ce."

"Na sani, ni na haife ki. Wa ya bi sawunta har ya same ta? Karɓi, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Na ji maigidana ya saki wata doguwar ajiyar zuciya a bayana, ta wanda aka sauke wa kaya. Na kai hannu zan rufe sakatar kamar yadda na san ana yi, Baba ya dafa hannuna.

"Ba yanzu ba. Ba taki ba ce tukuna. Ranar da ta zama taki, ki rufe."

Maigidana ya fassara wa mai shagon. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ɗaura mata 'yar takarda a jiki, ya shiga da ita ciki. Tun kafin mu hau babbar hanya Baba ya yi barci, baki a buɗe, kansa a jingine da gilashi. Na yi ta waiwayowa ina jiran ya zabura. Har muka haye gada muka shigo Staten Island bai motsa ba, sai da muka tashe shi.

Bai ga ƙarshen sanyin ba. A kujerarsa ta bakin taga ya tafi, da rana, ina wurin aiki. Wajen makoki ban sami zama ba, ina tsakanin tukunya da baƙi da wayar 'yan gida, mutane har yaba mini ƙarfin hali suke yi. Ba ƙarfin hali ba ne, gajiya ce ta hana ni jin komai.

Izinin ya iso bayan itatuwa sun fara toho. Na jefa shi a kan firiji na ce ba inda za ni. Me zan yi da bindigar dorina a hawa na uku? Sai in sayi akwatin ƙarfe mai makulli, in riƙa sabunta takarda har ƙarshen raina, saboda abin da ba zan taɓa harbawa ba. Maigidana bai yi gardama ba. Ranar Asabar kawai na ga ya ɗauki makullin mota ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ai na riga na karɓa.

Da muka isa shagon, tsohon ya gane mu. Ya leƙa bayana yana neman keken, na girgiza kai. Ya shiga ciki ya fito da ita. Sakatar tana ja da baya yadda Baba ya bar ta, har ƙura ta ɗan kwanta a kanta. Ya ce mutum biyu sun nemi su gwada ta, ya ce musu an riga an ba da ita. Muka gama takardu, ya turo mini ita a kan kanta, ya ja da baya.

Ta fi yadda nake zato tauri. Sai da na sa gindin tafin hannu na tura, na danne. Ƙarar ta fito daidai yadda nake jinta ina yarinya ta bayan ƙofar ɗakin Baba, idan an aiko kiransa daga bakin kogi. Tsohon ya jawo mini kujera, na zauna da bindigar a cinya, na yi wa Baba kukan da ban yi masa ba.